Tsoron Allah: Inda Iyaye Ke Yin Tuntuɓe

Kwanakin nan ana ta ja-in-ja a intanet: daidai ne a ce wa yaro "Allah zai ƙone ka" don ya bar ƙarya? Wasu sun ce haka aka rene mu, ga mu nan lafiya lau. Wasu sun ce zalunci ne.

Abin da kowa ya sani, mu wuce shi da sauri. Addu'a kafin barci, karatun Littafi Mai Tsarki a gida, makarantar Lahadi. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa yara maganar Allah a zaune da a tafe, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Babu gardama a nan.

[Yaro ya fasa kofi, yana tura ɓaraguzan ƙarƙashin kujera]

Ku tsaya a nan. Ku dubi idonsa, ƙofa yake kallo. Abin da mama za ta faɗa yanzu ya fi wa'azin wata guda tasiri a zuciyarsa.

A Farawa 3:10, Adamu ya ji motsin Allah a gonar, tsoro ya kama shi, ya ɓuya. Irin tsoron da barazana ke haifarwa ke nan. Yaro ba ya barin laifi, gwanintar ɓoyewa yake ƙarawa.

Yanzu ku duba Fitowa 20:20. Dutsen Sinai na hayaƙi, ana tsawa, jama'a sun ja da baya suna rawar jiki. Musa ya ce musu kada su ji tsoro, Allah ya zo ne domin tsoronsa ya zauna a gabansu, kada su yi zunubi. A aya ɗaya ya kore firgita, ya bar girmamawa. Zabura 130:4 ta ƙara da abin da ni kam ya fi burge ni: a wurin Allah akwai gafara, domin a ji tsoronsa. Gafara ce ta zo da farko.

[Mama ta durƙusa daidai tsayin yaron]

To, me za ta yi? Ta faɗa masa laifin a fili: kofi ya fashe, wannan tsautsayi ne, ɓoyewar ce laifi. In horo ya kama, ta yi da sunanta, kada ta rataya wa Allah fushinta. Sannan su roƙi gafara tare, jimla biyu sun isa, ya ɗauko tsintsiya.

Kuma don Allah, iyaye, a rage. Yaro ya ƙi wanka, an kira Allah. Ya ƙi barci, an kira Allah. Kafin ya shekara goma sunan ya zama kamar dodon da ake tsorata jarirai da shi, ya daina jin komai. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi.

Kada wani ya ce na ce a sake wa yara fuska su yi abin da suka ga dama. Eli firist ne, amma a 1 Sama'ila 3:13 hukunci ya sauka a gidansa domin ya san abin da 'ya'yansa ke yi, bai hana su ba.

[Cikin coci, baba na latsa waya ana addu'a]

Wannan kuwa ba sai na yi bayani ba. Ku dubi yaron da ke zaune kusa da shi, da inda ya zuba ido.