Sirinji ɗaya, mutum goma: ƙanjamau tsakanin masu allurar hiroyin a Edinbara

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da sauran jama'a, barkanku da zuwa.

Yau zan kai ku Edinbara, babban birnin Sikotland. Amma tukuna bari mu san abin da muke magana a kai. Ƙwayar cutar ƙanjamau tana cikin dangin da masana ke kira retrobairas. Idan ta shiga ƙwayar garkuwar jiki, wadda ake kira CD4, sai ta kwafe bayananta ta cusa su cikin asalin halittar ƙwayar, ta zauna daram. Shi ya sa magani ke danne ta amma ba ya fitar da ita.

To, ina ruwan hiroyin, hodar mayen nan da ake narkawa a yi allura da ita? Hodar kanta ba ta ɗauke da cutar. Mai allura yakan ja ɗan jini cikin sirinji don ya tabbatar ya samu jijiya, sannan ya tura. Ragowar jinin nan tana maƙalewa a ciki, kuma gwaji ya nuna ƙwayar na iya yin makonni a raye a sirinjin. Wanda ya karɓa bayansa, kai tsaye cikin jijiyarsa za ta tafi. Kuma wanda bai daɗe da kamuwa ba, jininsa ya fi cika da ƙwayar, alhali garau yake jin kansa.

A farkon shekarun 1980 hiroyin ta yi arha a unguwannin talakawan Edinbara, irin su Muirhouse. 'Yan sanda suka matsa wa masu sayar da sirinji lamba, suna kuma ƙwace wanda suka kama a hannun matasa. Niyyarsu a rage shan ƙwaya. Shan bai ragu ba, sirinjin ne ya yi wuya. Sai a taru a ɗaki ɗaya, mutum goma ko fiye, ana miƙa sirinji guda hannu zuwa hannu.

Wani likitan unguwar, Dakta Roy Robertson, ya koma kan jinin marasa lafiyarsa masu allurar hiroyin da aka ajiye tun lokacin gwajin ciwon hanta. A 1986 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamako: cikin mutum 164, kashi 51 cikin ɗari na ɗauke da cutar, kuma ta shigo musu ne a wajajen 1983. Ku duba, a Gilasgo, wani birnin Sikotland, tafiyar kamar awa ɗaya, ana allurar hiroyin ɗin nan, amma masu cutar ba su kai kashi 10 ba a lokacin. A ganina, samun sirinji shi ne babban abin da ya raba biranen biyu.

A 1986 ɗin kwamitin McClelland, wanda aka kafa ya duba matsalar a Sikotland, ya ba da shawarar a riƙa ba masu allurar sabon sirinji a karɓi tsohon, a kuma ba su metadon, maganin da ake sha a madadin hiroyin. Amsterdam ta riga ta fara musayar tun 1984. Gwamnatin Margaret Thatcher, Firaministar Birtaniya ta lokacin, wadda ba a san ta da sassauci ba, ta fara gwajin shirin a 1987.

Na ga wani malami yana girgiza kai. Na sani, za a ce ai ɗaure wa ɓarna gindi ne. Ni dai tambayata, matar wannan matashin da jaririn da za ta haifa, me suka sha? Binciken shan ƙwaya na Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum 80,000 ke yi wa kansu allura, da yawa ma fentazosin, wani maganin kashe zafin ciwo, suke tsirawa ba hiroyin ba, kuma hanyar kamuwar ɗaya ce. Malam, bismillah, kawo tambayarka.