Baƙin mai, ruwa da iskar taya: abin da sabon mai mota zai iya da hannunsa

Wannan lacca ce da aka gabatar wa sabbin masu mota, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da 'yan'uwa da ke zaune, barkanmu da warhaka. An ce in yi bayani a kan gyaran mota ga mai farawa. To, ba zan kai ku ga sauke inji ba, wannan aikin bakanike ne, shekaru ake kwashewa a gareji ana koyonsa. Abin da nake so shi ne kowa ya iya ɗaga bonet ya san abin da yake kallo. Da yawa daga cikin injinan da ake cewa sun buga, rashin baƙin mai ne ko zafi ya kashe su, kuma duka biyun ido yana iya hango su tun ɓarna ba ta auku ba.

Mu fara da baƙin mai. Ka tsayar da motar inda ƙasa take daidai, ba gangara ba, ka kashe ta, ka ba ta minti 5 zuwa 10 man ya sauko. Da safe kafin a tayar ya fi. A jikin injin akwai sanda mai mariƙi rawaya ko ruwan lemo. Ka zaro ta, ka goge da tsumma mai tsabta, ka mayar har ƙarshe, sannan ka sake zarowa ka karanta. Za ka ga alama biyu a bakinta, ta ƙasa da ta sama, kuma a yawancin ƙananan motoci tsakaninsu kusan lita 1 ne. In man yana kan ta ƙasa, ka zuba rabin lita, ka jira, ka sake aunawa. Kada ka zarce ta sama da sunan ƙari alheri ne: ƙarfen da ke juyawa a gindin injin zai riƙa kaɗa man har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta kare ƙarfe.

Ka murza man tsakanin yatsu biyu. Baƙi kawai ba laifi ba ne, datti ya kwaso. Amma in ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga mai, galibi gaskit ɗin saman inji ne ya ƙone. Wannan motar ba ta tafiya ba ce, a ja ta zuwa gareji.

Yanzu ga inda nake roƙon ku nutsu. A jikin galan za ku ga 5W-30 ko 20W-50. Lambar farko tana nuna yadda man yake gudu idan inji na sanyi, ta biyun kuma kaurinsa idan ya yi zafi. Za ku ji ana cewa ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri. Ban yarda da wannan a kan kowace mota ba. Inji mai lafiya wajen digiri 90 yake aiki, a Sakkwato yake ko a Jamus. Tsohuwar Peugeot 504 tana zaune lafiya da 20W-50, domin sassan cikinta a sake suke. Amma Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunanmu, 5W-30 masu ƙera ta suka rubuta, hanyoyin man cikinta matsattsu ne, mai kauri ba ya isa sama da sauri da safe, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ka duba murfin wurin zuba mai ko littafin motar, abin da aka rubuta shi za ka saya, kuma a shagon da ka amince da shi, don jabun mai yana nan a kasuwa.

A ƙurarmu da cunkosonmu, a canza mai duk kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga. Kuna iya yi da kanku. Ka tayar da motar minti 3 man ya yi ɗumi, ka kashe, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya. In za ka ɗaga ta, wallahi kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak na ɗagawa ne, sai an sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota kafin mutum ya kwanta a ƙasa. Bulon siminti ba ya maye gurbinsu, fashewa yake yi ba gargaɗi. A Toyota, notin zubar da mai sifana mai lamba 14 ke kwance shi. Ka tara kasko, ka bar man ya tsiyaye, ka sa sabon wosha, ka ɗaure notin ba da ƙarfin tsiya ba, don in zaren ya cinye ka jawo aiki. Sai filta. Bayan ka cire tsohuwar, ka leƙa ka tabbata robarta ba ta manne a jikin injin ba. Idan roba biyu suka hau juna, man duka zai tsiyaye a kan titi cikin 'yan mintuna. Ka shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, ka murɗa da hannu har ta taɓa, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Irin wannan Corolla kusan lita 4 take sha. Ka zuba 3 da rabi, ka tayar, jar fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, ka kashe, ka auna, ka cike. Tsohon man kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya.

Sai ruwa. Murfin lagireto ba murfi ne kawai ba, yana riƙe matsi, shi ya sa ruwan ciki yake haura digiri 100 bai tafasa ba. Da ka buɗe shi inji na zafi, matsin ya fita, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsalle zuwa fuska. Sai inji ya huce ake buɗewa. Kullum ma robar ajiyar ruwa da ke gefe za ka duba, tana da alamar ƙasa da sama. Abin zubawa shi ne ruwan lagireto mai kala da ake sayarwa, wanda aka riga aka haɗa rabi da rabi. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin dattin nan da kuke gani a gindin butar shayi, ga tsatsa, a hankali ƙananan bututun lagireto su toshe.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare idan mota ta sauka daga Kwatano ko Legas: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 82, sannan ta buɗe. In an cire ta inji ba ya kai zafinsa da wuri, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta yi ta ƙara fetur. Ka sha mai da yawa, fulogi su yi baƙi, ainihin ciwon kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Mota mai zafi, a nemi dalili: yoyo, toshewar lagireto, fankar da ba ta tashi, lalataccen murfi, ko famfon ruwa. In allurar zafi ta doshi ja kana tafiya, ka kashe na'urar sanyi, ka sauka gefe, ka kashe inji, ka jira aƙalla minti 30. Kada ka watsa masa ruwan sanyi, ƙarfen saman injin yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Batir ba shi da wuya. Da ɗan mitar auna wuta mai arha, cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 mota na kashe, in an tayar kuma 13.5 zuwa 14.5. In bai hau ba, altaneta ce ba ta caji, sabon batir ba zai magance ba. Farin garin da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da ruwan ɗumi da bekin soda, farar hodar nan ta yin kek. Wajen cirewa, da sifana mai lamba 10, baƙar waya ta fara fita, ita ce kuma ta ƙarshen komawa, don kada sifana ta taɓa jikin mota wuta ta tashi. Fis kuma in ya ƙone, a sa mai lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Wanda ya naɗa waya a wurin fis ya kira gobara.

Taya, kada ka bar mai faci ya auna da bugun ƙafa. Akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba mai nuna yawan iskar da za a sa, galibi 30 zuwa 33 take cewa ga ƙananan motoci. Lambar da ke jikin tayar ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ake bi ba. A auna taya na sanyi, har da safaya. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar gwanjo tana iya yin kyau a ido alhali robarta ta bushe, a kwalta mai zafi irin ta watan Afrilu kuwa irinta ce ke fashewa. Man birki in ya ragu, kafin ka cike ka sa a duba, ko dai takalman birkin sun cinye ko akwai yoyo. Filtar iska kuma lokacin hunturu ka ɗaga ta ga rana, in haske bai ratsa ba ka canza.

Tambaya daga wani dattijo: Malam, fitilar nan mai hoton inji ta kama a motata, an ce in cire kan batir za ta mutu. Haka ne?

Za ta mutu, Baba, amma za ta dawo, domin saƙon aka goge, ba a yi gyara ba. Motocin da aka ƙera don Amurka tun 1996 suna da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ana soka na'ura a nan ta ba da lamba. P0301, misali, tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, sai a fara da fulogi da koyil ɗinta. Ranka ya daɗe, ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge. In fitilar a tsaye take kuma motar na tafiya lafiya, kana iya kai ta gareji a cikin makon. In kuwa tana ƙiftawa, ɗanyen fetur ne ke zuba cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, sai ka rage gudu ka nufi gareji a ranar.