Fodkas: Haɗa alfalfa da ciyawa a gonar noman rani

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga birnin Kano. Malam Habu, masu turkar raguna da masu shanun madara suna yawan tambaya a kan alfalfa, wata shuka da ake nomawa don abincin dabbobi. Me ya sa manoman Amurka da Turai suke shuka ta tare da ciyawa?

Malam Habu: Hajiya, alfalfa dangin wake da gyaɗa ce, saiwarta tana tara sinadarin naitirojin daga iska, don haka ciyawar da ke kusa da ita tana cin moriyar takin da ba a saya ba. Idan aka yanke ta a kan lokaci, furotin ɗinta yakan kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Sai dai dabbar da ta cika tumbi da ɗanyarta zalla tana iya kamuwa da kumburin ciki, wanda yakan kashe cikin sa'o'i kaɗan. Ciyawa tana rage wannan haɗari, tana toshe wa haki gurbi, kuma tana sa abin da aka yanka ya bushe da wuri.

Hajiya Rabi: To wace ciyawa za mu haɗa? Na ji ana ambaton timoti.

Malam Habu: Timoti ta ƙasar sanyi ce, zafin Afrilu a Kano zai ƙone ta. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce ciyawar Rodis, amma tana da ƙarfin yaɗo, kuma da zarar zafi ya shigo sai ta danne alfalfa ta rufe mata rana. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a gauraya irin a watsa. A shuka su layi-layi, a rage yawan irin ciyawar, kuma kada a zuba takin yuriya da yawa, domin ciyawar ce za ta amfana.

Hajiya Rabi: Ni fa ina da ja, Malam. Harawar wake da ta gyaɗa suna nan a kasuwa, kuma ba sa bukatar ban ruwa.

Malam Habu: Gaskiyarki, wanda ba shi da ruwa ya riƙe harawarsa. Amma harawa sau ɗaya ake tara ta da kaka, tana ƙara tsada har gab da damina, alhali mai fili a Kadawa ko Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga yake isa, zai iya shuka alfalfa a farkon hunturu ya riƙa yanka kusan duk wata. Sharaɗin shi ne ƙasar ta kasance ba ta riƙe ruwa, domin kwanciyar ruwa tana ruɓar da saiwar.

Hajiya Rabi: Tsakanin alfalfa da ciyawar, idan ɗaya ta riga ɗaya isa yanka, wacce za a bi?

Malam Habu: A bi alfalfa, a yanka da zarar ta fara fure. Bayan ta bushe, a kwashe da sassafe tun akwai ɗan laima, domin busasshen ganyenta yana saurin kakkaɓewa, kuma a ganyen mafi yawan furotin yake.