Mutumin da ya raba lantarki gida biyu

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga ni a lambun Jardin des Plantes a birnin Paris. Wancan mutum-mutumin da ake ta ɗaukar hoto a gabansa na Buffon ne, wani shahararren masanin halittu, har titin gefen lambun sunansa aka sa. Ni ba shi ya kawo ni ba. Wanda ya riƙe lambun kafinsa tun 1732, lokacin ana ce masa Lambun Sarki, shi ne Charles du Fay, tsohon soja da ya koma binciken sinadarai. Agana ta kashe shi a 1739 yana da shekara 40, kuma shi da kansa ya ce a ba Buffon kujerar.

Kun san ɗan jan nan da mutum ke ji da hunturu in ya taɓa ƙofar mota, ko tartsatsin bargo cikin duhu? To, wannan lantarkin du Fay ya sa a gaba. Bari in matso da kyamara. Ga biro, na goga a rigar sanyi, ga gutsattsarin takarda. Kun gani, sun yi tsalle sun manne. Wannan kam Girkawan da ma sun san shi.

A 1733 ya goge bututun gilashi, ya saki siririn fallen zinariya a kai. Fallen na taɓa gilashin sai ya yi sama yana shawagi, ko ta ina gilashin ya ɓullo sai ya kauce. Ya ɗauko ƙaro ya goge, a zatonsa shi ma korarsa zai yi. Ina! Fallen ya rugo ya manne. Wani da sai ya ce kuskure ne ya wuce, shi kuwa ya yi ta maimaitawa har ya tabbatar lantarki iri biyu ne, na gilashi da na ƙaro: iri ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna. Alamar tarawa da ɗebewa ta jikin batir daga baya ta zo, daga Benjamin Franklin, masanin kimiyya ɗan Amurka.

Kuma bawan Allahn nan ba tsoro. Ya sa aka ɗora shi a kan igiyoyin siliki yana reto, aka cika jikinsa da lantarki, abokin aikinsa Nollet ya miƙo hannu, tartsatsi ya tashi tsakaninsu. Na biron kawai za ku gwada a gida, kuma ku bari sai iska ta bushe, da damina laima ba ta barinsa ya yi sosai.