Kafin mu shiga hamadar Simpson, sai da na sauke wa motar kaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a bayan gida nake. Ga motar, ga kayanta zube a ƙasa kamar na mai tashi daga gidan haya. Saura mako uku mu kama hanyar hamadar Simpson da ke tsakiyar Ostareliya, ni da wani abokina, kowa da motarsa.

Jiya na hau da ita sikelin manyan motoci, tanki cike, jarkokin ruwa cike, ni ma ina ciki. Da na ga lambar sai jikina ya yi sanyi, don na haura nauyin da kamfani ya yanka mata. Bari in matso da kyamara, kun ga ɗan ƙarfen nan? A nan aka rubuta iyakar. Bambar ƙarfe, winci (injin igiyar janyo mota in ta kafe), kariyar ɗora kaya, firij, batir na biyu, har kai direban, duk a ciki ake lissafa ku. Wata biyu ina ɗaura mata kaya ina jin daɗi, ashe sifirin da shokozoba nake haƙa wa rami.

Mai da ruwa ba su taɓuwa. Daga Mount Dare da ke yammacin hamadar zuwa garin Birdsville da ke gabashinta kusan kilomita 500 ne babu gidan mai, ga tuddan rairayi sama da 1,100 da za a hau a sauka, kuma mota a rairayi shan mai take ba na wasa ba. Ruwa kuwa kowace lita kilo guda ce, kuma dole ka ɗauki har na kwanakin da ba ka shirya yi ba. Saboda haka tantin saman mota ya sauka, na koma na shimfiɗawa a ƙasa. Na ji zafin wannan, wallahi, don yana kyau a hoto. Amma nauyi a sama shi ke sa mota rangaji a kan tudu. Jarkoki sun dawo ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya.

To ga abin da na fi so ku riƙe. Wannan ɗan gejin iskar da ke hannuna ya fi wincin can amfani a rairayi, domin a saman tudu ina itacen da za ka ɗaura igiyar winci? Kana shiga rairayi ka rage iskar taya. Ni daga psi 18 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) nake farawa, in ta ƙi hawa in ƙara ragewa. Tayar sai ta kwanta, sawunta ya yi tsawo, motar ta riƙa tafiya a saman rairayin maimakon ta tona shi. Wanda ya bar iskarsa yadda take a kwalta zai ta ba da wuta, ya kafe, ya kuma farfasa hanyar ga na bayansa. Sai dai taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu, zafi take ɗauka, kuma ka karya kan mota da ƙarfi tana iya zamewa daga rim. Shi ya sa ga injin ba da iska, ga kayan faci, ga shebur mai dogon ƙota da allunan turawa ƙarƙashin taya.

Sandar nan mai tuta doka ce, ba ado ba. Sai ta kai mita 3.5 daga ƙasa, don mai tahowa ta ɗaya gefen tudun ya hango ka. Oba-oba tana kan tasha ta 10. Sabis babu, don haka akwai wayar tauraron ɗan'adam. Takardar izinin shiga na karɓa. Masu tambaya ko za su zo a Disamba, a rufe wurin yake daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi.

Daga yamma za mu shiga, ta Dalhousie Springs, mu bi hanyar da ake kira French Line, tunda fuskar tuddan ta gabas ta fi tsayuwa, gara mu gangara ta da mu hau ta. Babban tudun rairayin da ake kira Big Red na jiranmu daf da Birdsville. Abokina ya tuna min cewa a 1962 wani mai suna Reg Sprigg ya ƙetare wannan hamada a Nissan Patrol da matarsa da 'ya'yansa biyu, lokacin ko hanyar ba a fitar ba. Ya faɗa ne yana kallon injin haɗa kofin da na ɓoye bayan kujera.

Shi ma ga shi na fito da shi. Gobe da safe zan koma sikeli, in Allah ya yarda, zan nuna muku lambar ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba.