Wakanda Forever: fim ɗin da ya fara da jana'iza

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Ina gaishe ku daga birnin Lyon na ƙasar Faransa, a bakin kogin Rhône, kuma idan kuka ji muryata tana rawa, sanyi ne. Daren jiya na sake kallon kashi na biyu na Black Panther, wato Wakanda Forever, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, ya kuma fito a watan Nuwamba na 2022. Karon farko a sinima na kalle shi a nan garin, kuma ra'ayina bai sauya sosai ba.

Jarumin kashi na farko, Chadwick Boseman, ya rasu a watan Agusta na 2020 yana da shekara 43, bayan fama da ciwon dajin hanji, sai kamfanin Marvel ya ƙi ɗora wani a gurbinsa. Saboda haka fim ɗin ya buɗe da mutuwar Sarki T'Challa na Wakanda, ƙirƙirarriyar ƙasa a Afirka, wanda Boseman ya fito a matsayinsa, da jana'izarsa, jama'a sanye da fararen kaya, kuma duk wanda ya dubi fuskokin 'yan wasan zai gane cewa makokin abokin aikinsu suke yi da gaske. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin, ta samu kyautar Oscar karo na biyu, kuma ta cancanta.

Wurin da ya fi kama ni shi ne jawabin Sarauniya Ramonda, mahaifiyar T'Challa, wato Angela Bassett, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva. Ana zarginta da rowar ma'adinin vibranium, sai dakarunta mata suka shigo da sojojin haya masu magana da Faransanci, waɗanda aka kama suna kai hari cibiyar Wakanda a Ansongo ta ƙasar Mali, aka durƙusar da su a gaban kowa. A sinimar nan ta Lyon zauren ya yi tsit, dattijon da ke kusa da ni ya gyara zama ya yi gyaran murya, ni kuwa ɗan Sahel na danne dariyata da ƙyar. Daga baya, a farkon 2023, ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito fili ya soki wannan fitowa.

Namor ma, sarkin mutanen ƙarƙashin teku, abokin gaba ne mai hujja, domin mahaifiyarsa da mutanenta 'yan ƙabilar Maya ne na yankin Meziko da suka guje wa Sifaniyawa da cutar agana a ƙarni na 16.

To, amma an cika wa fim ɗin kaya fiye da ƙarfinsa. Tsawonsa minti 161 ne, kuma wani kaso nasa talla ce kawai ta shirye-shiryen Marvel masu zuwa. Riri Williams, ɗalibar da ta ƙera na'urar gano vibranium, an cusa ta ne domin a share wa shirinta na Ironheart hanya, haka nan duk lokacin da aka koma Amurka wurin jami'an leƙen asiri, labarin sai ya yi sanyi. Birnin Talokan na Namor kuwa duhu ya yi masa yawa, har na ƙara hasken talabijin jiya. Sannan wace dabara ce a ce mayaƙan Wakanda su hau jirgin ruwa su tari mutanen ruwa a tsakiyar teku? Babban kuskuren a ganina shi ne kashe Ramonda a tsakiyar fim, domin ita ce ginshiƙin gidan, kuma Letitia Wright, duk da ƙoƙarinta a matsayin Shuri, ƙanwar T'Challa, ta sha wuya wajen ɗaukar ragowar ita kaɗai.

Sai a ƙarshe fim ɗin ya dawo hayyacinsa, inda Shuri ta zauna a bakin teku a Haiti tana ƙona kayan makokinta, babu faɗa, babu surutu, kafin waƙar Rihanna ta shigo, wadda Tems 'yar Najeriya tana cikin marubutanta. Bari in shiga cikin gida, yatsuna sun fara ƙagewa.