Daga Teburin Liyafa Zuwa Taron Shekara: Inda Lauyoyi Ke Sanin Juna

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Duk ɗalibin da ya kammala digirin shari'a a Najeriya, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu ko a Jami'ar Bayero ta Kano, dole ne ya wuce zuwa Makarantar Horas da Lauyoyi kafin a ba shi damar tsayawa gaban alƙali. An kafa wannan makaranta ne a ƙarƙashin dokar shekarar 1962, ta fara aiki a Legas da ɗalibai takwas kacal, a yau kuwa hedkwatarta tana Bwari a Abuja, tana kuma da rassa da suka haɗa da na Bagauda a jihar Kano da na Yola. Sai dai cin jarrabawa kaɗai ba ya wadatarwa a can, domin ba za a rantsar da ɗalibi a matsayin lauya ba sai ya halarci liyafar cin abinci har sau uku.

Wannan liyafa tana ƙarƙashin kulawar majalisar dattawan lauyoyi da ake kira Body of Benchers, kuma al'ada ce da aka gado daga Ingila, inda zauruka huɗu na lauyoyi da ke birnin Landan suka daɗe suna wajabta wa ɗalibansu zama cin abinci tare da manya. A ranar liyafar, ɗalibai sukan zo cikin baƙaƙen kaya da farar riga, su zauna tun kafin dattawan su iso, su miƙe tsaye idan sun shigo, sannan su ci abinci da wuƙa da cokali mai yatsu cikin natsuwa. Wanda ya saba da tuwo da hannu yakan sha fama da naman kaza a wannan dare, amma abin da ake auna wa shi ne kiyaye lokaci, da tsarin sutura, da iya zama da na gaba. Wanda ya makara ko ya saɓa ƙa'ida yana iya rasa liyafar, rashinta kuwa yana iya jinkirta masa rantsuwa.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yanayin sana'ar kanta. Aikin lauya aiki ne na girmama na gaba: ana ƙidaya shekarun mutum daga ranar da aka rantsar da shi, kuma a kotu lauya mai lambar SAN, wato ta Babban Lauyan Najeriya, wadda aka fara bayarwa a 1975, yana zama a sahun gaba, ana kuma kiran ƙararsa kafin ta saura. Shi ya sa idan lauyoyi biyu suka haɗu a taro, da wuya a gama gaisawa ba a tambayi shekarar rantsuwa ba. Bugu da ƙari, ƙa'idojin sana'ar sun taƙaita tallata kai, sun kuma haramta farautar masu ƙara, don haka sunan lauya yakan bazu ne ta bakin waɗanda suka gan shi yana aiki.

Ɗalibi mai hangen nesa yakan fara nuna kansa tun daga jami'a, a gasar kotun gwaji. A nan ake ƙirƙiro wata shari'a, a ba ɗalibai su rubuta hujjojinsu, su kare ɓangaren mai ƙara a wani zagaye, a wani zagayen kuma su koma ɓangaren wanda ake ƙara, yayin da alƙalan gasar ke katse su da tambayoyi. Gasar Jessup, wadda ta faro a 1960 kuma ake kammala ta a birnin Washington na Amurka, ta shafi dokokin ƙasa da ƙasa. A nahiyarmu akwai gasar haƙƙin ɗan Adam da Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu ke shiryawa tun 1992, wadda ake yi da Faransanci kamar yadda ake yi da Turanci. Sau da yawa lauyan da ya zauna a matsayin alƙalin gasa shi ne zai tuna da ɗalibin idan ya zo neman gurbin koyon aiki a ofishinsa.

Bayan rantsuwa, babban mahaɗa shi ne taron shekara-shekara na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, wanda akan yi a watan Agusta, inda dubban lauyoyi ke sauraron laccoci su kuma tattauna halin da ƙasa ke ciki. Na shekarar 2025 an yi shi ne a Enugu, bayan ƙungiyar ta janye shi daga Fatakwal don nuna rashin amincewa da yadda ake mulkin jihar Ribas a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Gaskiyar magana ita ce kuɗin rajista da na mota da na masauki sukan fi ƙarfin sabon lauya, saboda haka abin da ya fi kusa da shi shi ne taron reshensa na wata-wata da makon lauyoyi da rassa irin na Kano da Kaduna ke shiryawa, sai kuma tarukan FIDA ta mata lauyoyi da MULAN ta lauyoyi Musulmi. Wasu daga cikin laccocin da ake yi a irin waɗannan taruka suna shiga lissafin makin ƙaro ilimi da ƙa'idojin sana'ar suka wajabta wa kowane lauya mai aiki.